Ruwan Zobe da Sankarar Mafitsara: Tarihin Haɗa Magungunan Garkuwar Jiki

1. Gabatarwa

Mutane da yawa daga cikin waɗanda aka haifa a Nijeriya tun daga ƙarshen shekarun 1970 suna ɗauke da wani ɗan tabo a saman damtsensu na hagu. Tabon allurar BCG ke nan, watau rigakafin tarin fuka da ake yi wa jariri a kwanakin farko na haihuwarsa. Iyaye mata sun san ta, ma'aikatan lafiya na karkara sun san ta, amma kaɗan ne suka san cewa ƙwayar da ke cikin wannan allura tana da wani aiki na biyu. Kusan shekara hamsin ke nan likitoci suna ɗura ta cikin mafitsarar manya domin hana sankarar mafitsara dawowa bayan an kankare ta. Da yake kuma ba kowa take yi wa aiki ba, sai masana suka shiga neman waɗansu magunguna da za su haɗa ta da su, waɗanda su ma aikinsu shi ne tayar da garkuwar jiki ta yaƙi sankara da kanta.

Wannan lacca za ta bi tarihin wannan ƙoƙari, za ta kuwa faro shi daga bakin madatsar ruwa ta Zobe da ke ƙasar Dutsin-Ma. Dalili shi ne, a arewacin Nijeriya babbar ƙofar da sankarar mafitsara ke shigowa ta cikinta ita ce tsargiya, tsargiya kuwa a ruwa ake ɗaukarta. Abin da tarihin zai nuna shi ne cewa dukkan waɗannan magunguna, tsoho da sabo, an gina su ne bisa sharaɗi guda, watau a riski cutar tun tana ƙarama. Wannan sharaɗi shi ne abin da ya fi wuyar cikawa a ƙasar da aka saba ganin jini a fitsari.

2. Tsutsar da Bilharz ya gano

Fitsarin jini tsohuwar cuta ce a Afirka. A shekarar 1910 wani masani mai suna Marc Armand Ruffer ya sami ƙwan tsutsar tsargiya a cikin ƙodar waɗansu gawawwakin Misirawa na dauri da suka haura shekara 3,000. Amma ba a san mai haddasa cutar ba sai a 1851, lokacin da wani matashin likita Bajamushe, Theodor Bilharz, yana binciken gawa a asibitin Kasr el-Aini na Alƙahira, ya ga waɗansu siraran tsutsotsi a cikin jijiyoyin jini. Daga sunansa Turawa suka raɗa wa cutar suna bilhaziya. Sa'an nan a 1915 Robert Leiper, shi ma a Masar, ya tabbatar da yadda tsutsar ke zagayawa tsakanin mutum da dodon koɗi.

Zagayen kuwa ga yadda yake. Mai cutar ya yi fitsari a tafki ko a gefen rafi, ƙwan da ke cikin fitsarin su ƙyanƙyashe, 'ya'yan su shige jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa da masana ke kira Bulinus. Bayan 'yan makonni sai su fito dubbai, su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan, ko mai wanka, ko mai wanki, ko masunci, ko mai ban ruwa. In sun girma, mace da namiji sukan tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, su shekara uku zuwa biyar ko fiye, macen tana zuba ƙwai kullum. Kowane ƙwai yana da ƙaya a gindinsa. Waɗansu su keta bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsarin yara. Waɗansu kuma su maƙale a bangon, jiki ya kewaye su da kumburi, kumburin ya zama tabo.

Wanda ya fara danganta wannan daɗaɗɗen kumburi da sankara shi ne A. R. Ferguson, malamin likitanci a Alƙahira, wanda a 1911 ya bayyana masu sankarar mafitsara 40 da aka sami ƙwan tsargiya a jikinsu. An daɗe ana muhawara a kan maganarsa, har zuwa 1994, sa'ad da hukumar binciken sankara ta Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, mai mazauni a birnin Lyon na Faransa, ta sa tsutsar tsargiyar mafitsara cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan Adam sankara.

3. Daga Malumfashi zuwa Zobe

Ƙasar Katsina tana da nata gurbi a tarihin binciken tsargiya. A cikin shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Makarantar Nazarin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka gudanar da wani dogon bincike a yankin Malumfashi. Masu binciken, cikinsu har da R. N. H. Pugh da Farfesa H. M. Gilles, sun auna fitsarin mutanen ƙauyuka, suka ga cutar ta fi kama yara maza masu tasowa, waɗanda su ne suka fi wuni a ruwa. Abokan aikinsu kuma suka lura da yadda dodon koɗi mai ɗauke da cutar ya samu wurin zama bayan an gina wata ƙaramar madatsa a Ruwan Sanyi. Gargaɗin da ke cikin rahotanninsu a fili yake: ruwan da aka tsare domin rani yana tsare wa tsargiya wurin hayayyafa shekara sukutum, alhali a da tafkuna sukan ƙafe su yanke mata hanya.

Jim kaɗan bayan wannan gargaɗi aka kammala madatsar Zobe a kan kogin Karaɗuwa, a 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin yankin yana cikin tsohuwar Jihar Kaduna, domin ba a ƙirƙiro Jihar Katsina ba sai a 1987. Madatsa ce ta ƙasa mai tsawon fiye da kilomita biyu da rabi, tana iya tara ruwa fiye da kubik mita miliyan 170. An gina ta domin noman rani da samar da ruwan sha, ta kuma jawo masunta da masu lambu zuwa ƙauyukan bakinta irin su Makera da Garhi. Amfaninta ga jama'a babu mai musu a kai. To, amma a 2016 malaman Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma suka buga sakamakon wani bincike da suka yi a kan ɗalibai 718 na ƙananan makarantun sakandare a ƙananan hukumomin Dutsin-Ma da Safana, inda suka sami ƙwan tsargiya a fitsarin fiye da ɗaya cikin kowane biyar, galibinsu maza. Hanyar kamuwa ɗaya ce ga yaron da ke iyo a Zobe da wanda ke wanka a kududdufin damina a ƙasar Kurfi.

Abin da ke biyo baya, bayan shekara ashirin ko talatin, a manyan asibitoci ake ganinsa. Binciken da likitocin Kano suka buga a 2003, da wanda I. A. Mungadi da S. A. Malami suka buga daga asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2007, sun nuna cewa fiye da rabin sankarar mafitsarar da aka bincika a waɗannan wurare irin wadda ke bin tsargiya ce. Masu fama da ita galibi manoma ne da masunta masu matsakaicin shekaru, kuma akasarinsu ba su isa gaban likita ba sai da cutar ta ci ƙarfinsu.

4. Iri biyu na sankara, da ma'anar matakin farko

Kafin a fahimci maganin, wajibi ne a fahimci ginin mafitsara. Jaka ce ta tsoka, cikinta kuma an lulluɓe shi da wata siririyar shimfiɗa mai hana fitsari taɓa nama. Sankara iri biyu ce ta fi fitowa a nan. Ta farko daga ita wannan shimfiɗa take tsirowa kai tsaye. Likitoci suna kiranta yurotiliyal, a nan kuwa za a kira ta sankarar shimfiɗa. Ita ce kusan tara cikin goma na abin da ake gani a Turai da Amurka, kuma babban sanadinta shi ne shan taba, sai kuma waɗansu sinadaran masana'antu, kamar yadda likita Ludwig Rehn ya lura a 1895 ga ma'aikatan kamfanin rini a Jamus. Ta biyu tana fitowa ne bayan shimfiɗar ta daɗe tana shan guga, har ta rikiɗe ta yi kauri irin na fata, kamar yadda tafin hannun manomi ke yin kanta saboda riƙon fartanya. Likitoci suna kiranta sikwamas, a nan za a kira ta sankarar kanta. Ita ce ta fi bin tsargiya, tana kuma saurin nutsawa cikin tsoka.

Idan aka ce sankarar mafitsara tana matakin farko, ana nufin ba ta kai ga tsoka ba tukuna. A ƙasashen Turai kimanin uku cikin huɗu na masu cutar a wannan mataki ake gano su, domin da zarar babba ya ga jini a fitsarinsa sai ya nufi asibiti. Likita ya zura na'urar leƙa mafitsara ta hanyar fitsari, wadda Max Nitze ya fito da samfurinta a 1879, ya kankare ƙarin ba tare da yanka ciki ba. Matsalar ita ce dawowa. Da yake shimfiɗar gaba ɗayanta ta sha dafi iri ɗaya, kankare wuri guda ba ya hana wani wuri tsirowa, tamkar ƙiri-ƙiri a gona, a nome ganye saiwa tana ƙasa. Rabin marasa lafiya ko fiye sukan ga ƙarin ya dawo, a wajen waɗansu kuma yakan dawo da mugunta ya shiga tsoka. In ya kai nan, galibi abin da ake yi shi ne cire mafitsarar ɗungum, a karkatar da fitsari ta wata kafa a ciki, aiki mai nauyi da ke sauya rayuwar mutum da ibadarsa da mu'amalarsa da iyali.

5. Yadda rigakafin tarin fuka ya shiga mafitsara

Tunanin cewa wata cuta za ta iya tayar da jiki ya yaƙi sankara ya girmi BCG. A 1891 wani likitan fiɗa a birnin New York na Amurka, William Coley, ya fara sa wa masu sankara ƙwayoyin cuta da gangan domin ya jawo musu zazzaɓi, bayan ya lura da wani majinyaci da ƙarinsa ya ɓace sa'ad da ya yi fama da ciwon fata mai zafi. Waɗansu sun samu sauƙi, amma ba a iya bayyana dalili ba, kuma da gashin sankara da haske ya bayyana, daga baya magungunan dafi suka biyo, sai aka jingine hanyarsa.

A gefe guda kuma, a birnin Lille na Faransa, Albert Calmette da Camille Guérin suka fara a 1908 renon ƙwayar tarin fuka ta shanu a kan dankali da aka jiƙa da ruwan matsarmamar sa. Suka yi ta dasa ta daga kwano zuwa kwano har sau 230 cikin shekara 13, har ta rasa ƙarfin jawo cuta amma ba ta mutu ba. A 1921 aka fara ba wani jariri ita a Faris. Harufan C da G na sunan BCG daga sunayensu aka ɗauko. A 1929 Raymond Pearl na asibitin Johns Hopkins ya ba da rahoton cewa ba a cika samun sankara a gawawwakin masu tarin fuka ba. An soki hanyar lissafinsa, amma maganar ta zauna a zukatan masana. A 1959 Lloyd Old da abokansa suka nuna cewa ɓerayen da aka yi wa allurar BCG sun fi jure wa sankarar da aka dasa musu.

Mataki mafi muhimmanci ga wannan lacca shi ne aikin Berton Zbar a Cibiyar Sankara ta Ƙasa ta Amurka a farkon shekarun 1970. Daga gwaje-gwajensa a kan ɓeran Masar ya fitar da sharuɗɗa huɗu na aikin BCG: ƙwayoyin su kasance da rai kuma da yawa, su taɓa sankarar kai tsaye, garkuwar jikin mai cutar ta kasance da ƙarfinta, sa'an nan ita sankarar ta kasance ƙarama. Wani likitan mafitsara a Jami'ar Queen's da ke Kingston a Kanada, Alvaro Morales, ya ga cewa mafitsarar da aka kankare ta cika dukkan sharuɗɗan nan. A 1976 shi da abokansa biyu suka buga sakamakon mutum 9 da suka ɗura wa BCG ta robar fitsari sau ɗaya a mako har mako shida, dawowar ƙarin ta ragu ƙwarai. Adadin shida ɗin ma ba daga wani lissafi ya fito ba; masana'antar da ke Montreal tana aiko da kwalaben ne shida-shida a kwali. Har yau a kan wannan adadi ake tafiya.

Manyan gwaje-gwaje sun tabbatar da abin da Morales ya gani, Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da maganin a 1990. A 2000 Donald Lamm da abokansa suka nuna cewa in aka ci gaba da ɗurawa sau uku-uku lokaci-lokaci har shekara uku, kariyar ta fi daɗewa. Yadda take aiki shi ne, ƙwayoyin suna manne wa shimfiɗar mafitsara cikin sa'o'i biyun da majinyaci ke riƙe ruwan, fararen ƙwayoyin jini su yi tururuwa zuwa wurin domin yaƙar baƙuwa, a cikin wannan yaƙi su haɗa da ƙwayoyin sankara. Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani.

6. Neman abokan aiki ga tsohuwar ƙwaya

Duk da wannan nasara, a wajen kimanin ɗaya cikin uku na majinyata ko fiye, sankarar takan dawo bayan BCG. Bugu da ƙari, a 2012 wata babbar masana'antar BCG a Toronto ta dakatar da aiki, ta kuma daina yin maganin gaba ɗaya bayan 'yan shekaru, abin da ya jawo ƙarancinsa a ƙasashe da yawa. Waɗannan dalilai biyu su suka zaburar da neman haɗi.

Yunƙuri na farko shi ne haɗa BCG da intafiron, wani sinadari da jiki ke fitarwa domin faɗakar da garkuwarsa. Michael O'Donnell na Jami'ar Iowa ya jagoranci gwajinsa a kan mutum kusan 1,000 a farkon shekarun 2000. An sa rai da shi, amma wani gwaji na kwatantawa da aka buga a 2010 bai nuna ya fi BCG ita kaɗai ba ga waɗanda ba su taɓa shan ta ba.

Sabuwar ƙofa ta buɗe ne daga wani fanni. A 1992 Tasuku Honjo na Jami'ar Kyoto a Japan ya gano wani abu a jikin fararen ƙwayoyin jini da aka sa wa suna PD-1, James Allison kuma a Amurka ya yi aiki a kan wani makamancinsa. Aikin waɗannan abubuwa shi ne na dabaibayi: suna hana mayaƙan jiki wuce gona da iri su afka wa naman mai su. Sankara takan yi amfani da wannan dabaibayi ta ɗaure mayaƙan da suka zo kashe ta. Magungunan da ke kwance shi su suka jawo wa mutanen biyu lambar Nobel a 2018. A watan Janairu na 2020 Amurka ta amince da ɗaya daga cikinsu, pembrolizumab, wanda ake sayarwa da sunan Keytruda, ga masu sankarar matakin farko da BCG ta gaza a kansu. Cikin mutum 96 da aka gwada, sankarar ta ɓace a wajen kashi 41 cikin 100 bayan wata uku, kusan rabin waɗannan kuma suka kai shekara ba ta dawo ba.

Daga nan hikimar haɗi ta fito sarari, domin kowane magani ɓangare ɗaya na yaƙin yake riƙewa. BCG tana kiran mayaƙa zuwa fage, wani magani yana ƙara musu yawa da kuzari, wani kuma yana kwance musu dabaibayi. A watan Afrilu na 2024 aka amince da Anktiva, magani mai kwaikwayon sinadarin jiki da ake kira intalukin-15, wanda ake ɗurawa cikin mafitsara tare da BCG. Cikin mutum 77 da BCG ta riga ta gaza a kansu, sankarar ta ɓace a wajen kashi 62 cikin 100. A wannan shekara kuma Roger Li na Cibiyar Sankara ta Moffitt a Florida da abokansa suka buga sakamakon wani haɗin da babu BCG a ciki: ƙwayar bairos da aka sarrafa, mai suna cretostimogene, wadda ke hayayyafa cikin ƙwayoyin sankara ta fasa su, ana ɗura ta a mafitsara, pembrolizumab kuma ta jijiya. Cikin mutum 35, kashi 57 cikin 100 ba a ga sankara a jikinsu ba bayan shekara guda. Gwaji ne ƙarami, babu kuma rukunin da aka kwatanta da shi.

A 2025 aka bayyana sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu, kowanne da mutum fiye da 1,000, inda aka haɗa BCG da maganin kwance dabaibayi tun daga farko, ɗaya da sasanlimab, ɗaya da durvalumab. A duka biyun haɗarin dawowa ko ci gaban cutar ya ragu da kimanin kashi ɗaya cikin uku. Sai dai illoli masu tsanani sun fi yawa ga waɗanda aka yi wa haɗin, domin garkuwar da aka kwance takan afka wa huhu ko hanji ko hanta. Wani gwaji na uku da aka yi akasari a Faransa da atezolizumab bai nuna fifiko ba. Ke nan haɗi yana da amfani, amma tantance wanda ya kamata a yi wa shi aiki ne da bai ƙare ba.

7. Darasin Masar da matsayin Zobe

Idan aka ɗora wannan tarihi a kan abin da ke faruwa a ƙasar Katsina, abubuwa uku za su bayyana. Na farko, dukkan gwaje-gwajen nan a kan sankarar shimfiɗa aka yi su. Sankarar kanta, wadda ta fi yawa a asibitocin Sakkwato da Kano, BCG ba maganinta ba ce, fiɗa ce babban maganinta. Na biyu, sharaɗin Zbar na ƙarshe yana nan daram: ko sankarar shimfiɗa ce, in ta shiga tsoka, lokacin ɗura magani a mafitsara ya wuce. A wurare da yawa kuwa ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin abin da kowane yaro ke yi, har waɗansu su ɗauke shi alamar balaga, saboda haka in ya dawo wa mutum yana da shekara 45 sai ya ce tsohuwar tsargiya ce. Na uku shi ne kuɗi. Farashin da aka sanya wa allura ɗaya ta Keytruda a Amurka ya haura dala 10,000, na kwalba ɗaya ta Anktiva a 2024 ya haura dala 30,000. Firazikwantel kuwa, maganin tsargiya da kamfanonin Bayer da Merck na Jamus suka samar a shekarun 1970, ƙwayoyi kaɗan ne ake haɗiya a zama ɗaya gwargwadon nauyi ko tsayin yaro, kuma tun 2007 ana ba da shi kyauta ta hannun Ƙungiyar Lafiya ta Duniya domin 'yan makaranta.

Wannan ba ya nufin tarihin BCG da abokan haɗinta bai shafi Zobe ba, kuma Masar ce shaida. Bayan shekaru na rabon maganin tsargiya, wanda ya yi ƙarfi da zuwan firazikwantel a shekarun 1980, bayanan Cibiyar Sankara ta Ƙasa da ke Alƙahira sun nuna sankarar kanta ta sauko daga kusan uku cikin huɗu na masu sankarar mafitsara a shekarun 1970 zuwa kimanin ɗaya cikin huɗu a shekarun 2000. Sankarar shimfiɗa, wadda taba ke rura wa wuta, ita ta zama mafi yawa, shekarun da cutar ke kama mutane kuma suka ƙaru. Duk ƙasar da ta ci galabar tsutsar, to, sannu a hankali likitocinta za su tsinci kansu gaban irin sankarar da Morales ya yi wa magani. Ɗaliban likitanci da na haɗa magunguna da ke aji a yau su ne za su tarar da wannan sauyi a cikin shekarun aikinsu.

Shirin tarar sa yana da matakai da tarihi ya riga ya jera. Ruwan famfo yana rage wa yara da mata shiga tafki, shi ya sa aikin rarraba ruwan Zobe da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a watan Yuli na 2021 yake da alaƙa da wannan batu kai tsaye. Rabon firazikwantel yana buƙatar maimaitawa, domin maganin yana kashe tsutsa amma ba ya hana sake kamuwa, tsohon tabo kuma ba ya gogewa da sauƙi. Ya kuma kamata ya kai ga almajirai da masunta da yaran da ba su cikin rajistar makaranta. Ma'aikacin lafiya na karkara yana buƙatar ƙa'ida mai sauƙi, watau babban mutum da jini bai tsaya masa ba bayan ya sha maganin tsargiya a tura shi inda za a leƙa mafitsararsa, a Katsina ko Kano ko Shika. Ita kanta BCG ta mafitsara, wadda shirinta ya bambanta da na allurar jarirai kuma yawanta ya ninka shi nesa ba kusa ba, tana buƙatar sanyi daga masana'anta har gadon majinyaci, ba a kuma ɗura wa mai tarin fuka ko wanda garkuwarsa ta yi rauni. A ƙarshe, sai da rajistar masu sankara za a san ko irin cutar ya fara sauyawa.

8. Kammalawa

Daga Bilharz a 1851 zuwa gwaje-gwajen 2025 akwai shekara 174. A cikinsu an gano tsutsar, an gano dodon koɗin da ke renonta, an samu maganinta, an kuma koyi yadda za a juyar da garkuwar jiki ta fuskanci sankara, da farko da ƙwaya guda, daga baya da haɗi. Masanan da suka haɗa BCG da sababbin magunguna burinsu shi ne mutum ya ci gaba da rayuwa da mafitsararsa. Burin ma'aikacin da ke raba firazikwantel a makarantar firamare ta bakin Zobe ke nan shi ma, sai dai nasa aikin yana zuwa shekara talatin kafin nasu. Tsakanin waɗannan ayyuka biyu akwai masunci ko manomin rani mai shekara arba'in da wani abu wanda ya ga jini a fitsarinsa. Ko magungunan da aka ba da tarihinsu a nan za su amfane shi ko ba za su amfane shi ba, ya dogara ne da yawan watannin da zai yi kafin ya isa gaban likita, da kuma abin da zai tarar in ya isa.